Jagorar Fahimtar Salon Maganar "Dark Horse" da Yadda Ake Amfani da Shi a Turanci

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko wata babbar gasar ƙwallon ƙafa ta kusa farawa, kalmomin nan biyu na "dark horse" sukan yawaita a jaridun Turanci da bakin masu sharhi a rediyo da talabijin. Wanda ya koyi Turanci a aji ya san kowace ɗaya daga cikinsu, amma wannan sanin ba ya kai shi ga abin da ake nufi, domin salon magana ne da aka ɗauko daga filayen tseren dawaki na Ingila kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Ana faɗin sa ne a kan ɗan takara, ko ƙungiya, ko wani mai shiga gasa, wanda jama'a ba su san ainihin ƙarfinsa ba, ba su kuma sa shi a sahun gaba ba, alhali yana da abin da zai iya yin nasara da shi. Matakan da ke biye za su nuna yadda ake gane shi, da yadda ake raba shi da makamantansa, da yadda ake saka shi a jimla.

Mataki na farko: cire launi daga ranka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa baƙin doki ake nufi. Ba akawal ake magana a kai ba, kuma dokin da aka kira da wannan suna yana iya zama kili ko danda. Kalmar "dark" a nan tana nufin abin da ke ɓoye, wanda ba a da labarinsa, kamar yadda Bature zai ce an bar shi "in the dark" idan an ƙi sanar da shi wani al'amari. Duhun yana wajen masu kallo, ba a jikin dokin ba.

Dalilin da ya sa rashin labari ya zama babban abu a tseren dawaki shi ne caca. Tun cikin ƙarni na 18, lokacin da garin Newmarket ya zama cibiyar harkar, aka kuma fara gasar Derby a Epsom a 1780, Turawan Ingila suke zuba kuɗi a kan dokin da suke ganin zai zo na ɗaya. Masu karɓar cacar suna yanke abin da za su biya ne bisa ga abin da aka sani game da kowane doki, wato asalinsa, da tseren da ya yi a baya, da matsayin da ya zo, da wanda ke horar da shi. Dokin da kowa ya san gudunsa ribarsa kaɗan ce, wanda kuwa ba a sani ba ribarsa tana da yawa. Saboda haka mai doki mai ƙarfi yana da dalilin ɓoye shi: ya riƙa gwada shi da asubar fari inda ba idon jama'a, ya hana 'yan barga magana, ya kauce wa 'yan leƙen asirin da ke laɓewa a gefen filin atisaye don su sayar da labari. Ranar tsere sai dokin ya fito, ya wuce waɗanda ake ji da su, mai shi ya kwashe kuɗi. Ba sai mutum ya yarda da caca ba kafin ya fahimci wannan, amma idan bai fahimce shi ba, ma'anar salon maganar za ta riƙa kuɓuce masa.

Wurin da aka fi ambatawa a matsayin ɗaya daga cikin farkon bayyanarsa a rubuce shi ne littafin ƙagaggen labari na Benjamin Disraeli mai suna The Young Duke, wanda ya fito a 1831, inda aka kwatanta wani doki da ba wanda ya kawo shi a rai ya zo ya lashe tsere. Disraeli ɗin nan shi ne ya zama firaministan Birtaniya daga baya, a 1868, sannan daga 1874 zuwa 1880.

Mataki na biyu: auna mutumin da tambayoyi uku

Kafin ka kira wani da wannan suna, ka tsaya ka tambayi kanka abu uku. Shin jama'a ba su san shi sosai ba, ko kuwa sun san shi amma ba su sa shi a lissafin masu nasara ba? Shin yana da ƙarfi na gaske wanda mai lura zai iya nunawa da hujja? Shin har yanzu ba a kammala gasar ba? Idan amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, to da alama wata kalmar kake buƙata.

Tambaya ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita, kuma tarihin James K. Polk ya fi komai bayyana ta, domin shi ne ake kira shugaban Amurka na farko da ya fito ta wannan hanya. A watan Mayu na 1844 jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a birnin Baltimore don tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Wanda ke kan gaba shi ne tsohon shugaba Martin Van Buren, sai dai ƙin amincewarsa da a haɗe yankin Texas da Amurka nan take ya ɓata masa da wakilan kudu, ga kuma ƙa'idar da ta ce sai ɗan takara ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un wakilai. Aka yi ta jefa ƙuri'a ba wanda ya kai. Sunan Polk bai shigo ba sai a zagaye na 8, a zagaye na 9 kuma aka tsayar da shi, ya je ya kayar da Henry Clay na jam'iyyar Whig, ya zama shugaban ƙasa na 11. Abin lura shi ne Polk ba baƙo ba ne a siyasa. Ya riƙe kujerar kakakin majalisar wakilai daga 1835 zuwa 1839, ya yi gwamnan jihar Tennessee, sannan ya faɗi zaɓen gwamna sau biyu a jere, a 1841 da 1843, abin da ya sa aka ɗauka tasa ta ƙare. Yana da gogewa da magoya baya, hankalin mutane ne kawai ba ya kansa. Irin wannan ya sake faruwa da Franklin Pierce, wanda aka tsayar a zagaye na 49 a 1852, da James Garfield a zagaye na 36 a 1880, da Warren Harding a zagaye na 10 a 1920.

Tambaya ta uku ta shafi lokaci, domin sunan ba ya zama a kan mutum har abada. Ƙungiyar Leicester City a kakar 2015/16 ta gasar Firimiyar Ingila misali ce mai kyau. A watan Agusta, bayan da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata, masu karɓar caca sun sa mata 5,000 a kan 1, wato wanda ya zuba fam 1 zai ci ribar fam 5,000, kuma a ganina a wannan lokacin ba ta cancanci sunan ba, tunda ba mai wata hujja a hannu da zai ce za ta ɗauki kofi. Zuwa watan Nuwamba, lokacin da Jamie Vardy ke cin ƙwallo wasa bayan wasa, Riyad Mahrez da N'Golo Kanté kuma suna nuna abin da ba a san suna da shi ba, sunan ya dace da ita sarai. Zuwa watan Maris, tana saman teburi da tazarar maki, ta riga ta zama wadda ake sa ran za ta lashe, duk wanda ya ci gaba da kiran ta "dark horse" a lokacin ya makara. Bayan an gama gasa ana iya amfani da salon maganar, amma da sigar abin da ya wuce, a ce ƙungiyar ta shiga gasar ne a wannan matsayi.

Mataki na uku: raba shi da makamantansa

A nan ne ake gane wanda ya iya Turanci da wanda ya haddace kalmomi. Akwai kalmomi da yawa da ke kewaye da wannan, kuma jaridu, har da namu na Najeriya, sukan cuɗa su idan ana sauri.

Kalmar da aka fi rikita shi da ita ita ce "underdog". Wannan shi ne wanda kowa ya san shi, aka auna shi da abokin karawarsa, aka ga shi ne mai rauni. Babu ɓoyayyen abu a tare da shi, kuma sau da yawa kalmar tana ɗauke da tausayi, domin mutane suna son ganin ƙarami ya kayar da babba. Lokacin da Zambiya ta haɗu da Kodebuwa a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Libreville a 2012, an san 'yan wasan Zambiya, an kuma san Didier Drogba da Yaya Touré suna ɗaya ɓangaren, don haka a wannan daren Zambiya "underdog" ce, ko da yake ita ta yi nasara a bugun fenariti da ci 8 da 7. Kuroshiya kuwa kafin gasar cin kofin duniya ta 2018 misali ce ta "dark horse" tsantsa. Ba a sa ta a layin Brazil da Jamus da Sifaniya da Faransa ba, amma mai duba jerin 'yan wasanta zai ga Luka Modrić na Real Madrid da Ivan Rakitić na Barcelona da Mario Mandžukić na Juventus. Ta fara da doke Najeriya 2 da 0, ta tafi har wasan ƙarshe, inda Faransa ta ci ta 4 da 2. Bambancin shi ne "underdog" ana ganin rauninsa ne, "dark horse" kuwa ba a lura da ƙarfinsa ba ne.

Sai "long shot", wanda shi ma ya zama ruwan dare a harshen masu tsere, yana nufin wanda damarsa ta yin nasara ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Dokin nan Rich Strike da ya lashe gasar Kentucky Derby a birnin Louisville a watan Mayu na 2022 irin wannan ne. Bai sami gurbin shiga ba sai ana gobe tsere, bayan an janye wani doki, kuma an sa masa 80 a kan 1, wato wanda ya zuba dala 1 zai ci ribar dala 80. Wanda ya ce wani "long shot" ne yana gaya maka kada ka sa rai, wanda kuwa ya ce "dark horse" ne yana gaya maka ka sa ido.

Akasin su duka su ne "favourite" da "front-runner", wato wanda ake sa ran zai ci da wanda ke kan gaba a halin yanzu. Akwai kuma wasu biyu da kamannin lafazi kawai ya haɗa su da namu. "Stalking horse" shi ne wanda aka tura ya tsaya takara ba don ya ci ba, sai don a gwada ƙarfin shugaba a share wa wani hanya, kamar yadda aka kira Anthony Meyer lokacin da ya ƙalubalanci Margaret Thatcher a shugabancin jam'iyyar Conservative a 1989. "Black sheep" kuwa shi ne wanda ya fita zakka a dangi, kuma suka ne. Ka kiyayi haɗa su ka ce "black horse", domin wannan ba salon magana ba ne, baƙin doki ne kawai.

Mataki na huɗu: gina jimlar daidai

Salon maganar suna ne da ake iya ƙirgawa, saboda haka idan ɗaya ne dole a sa masa "a" ko "the" a gaba, kuma wannan ƙaramar kalma ce masu koyon Turanci suka fi yarwa. Ana cewa "She is a dark horse", ba a cewa "She is dark horse". Ba a canza shi don mace, ba a neman kalmar goɗiya a sa a madadin doki. Jam'insa "dark horses" ne, kuma a Turancin Birtaniya, inda ake ɗaukar ƙungiya a matsayin jama'a, za ka ji an ce "Morocco are dark horses", Ba'amurke kuwa ya fi cewa "Morocco is a dark horse".

Abin da ake takara a kansa yakan biyo bayan "for", fagen takarar kuma bayan "in". Misali, "a dark horse for the title" na nufin wanda zai iya ba da mamaki ya ɗauki kambun, "a dark horse in the race" kuma wanda zai iya ba da mamaki a cikin takarar. Idan aikatau ne zai biyo baya sai a sa "to", kamar "a dark horse to win". Aikatau ɗin da suka fi tafiya da shi su ne "emerge as" da "be seen as" da "remain". Ana kuma ɗora shi a gaban wani suna ya zama siffa, kamar "dark horse candidate", wasu editocin sukan sa ɗan layi tsakanin kalmomin biyu a wannan hali, wasu ba sa sawa, duka biyun karɓaɓɓu ne. Wajen furuci, idan yana tsaye shi kaɗai, nauyin murya ya fi sauka a kan kalma ta biyu.

Wurin da ya dace da shi shi ne labarin jarida, da sharhin wasanni da na siyasa, da hirar ofis a kan wanda za a ba wani muƙami ko kamfanin da zai sami kwangila. Ba a sa shi a takardar yarjejeniya ko rahoton hukuma, inda ake son magana ƙarara.

Mataki na biyar: san ma'ana ta biyu

A Birtaniya da Ireland da ƙasashen da ke bin Turancinsu, salon maganar yana da wata ma'ana da ba ta da alaƙa da gasa ko kaɗan, kuma wanda ya saba da ta jarida kaɗai yakan rikice idan ya ji ta. Ana faɗin sa ga mutum mai zurfin ciki, wanda aka daɗe tare da shi sannan aka gano yana da wata baiwa ko wani al'amari da bai taɓa ambata ba. Abokin aiki da kuka yi shekaru a ofis ɗaya, sai ranar wani taro aka ji yana magana da baƙi da Faransanci tiryan-tiryan, za a juya a ce masa "You're a dark horse!" Sau da yawa ana tausasa shi a ce "a bit of a dark horse".

Yawanci zolaya ce mai haɗe da yabo, ta tsakanin tsara. Sai dai tana iya ɗaukar wani launi idan abin da aka gano ya shafi soyayya ko wata hulɗa ta sirri, inda take komawa habaici. Saboda haka ba na ba da shawarar a faɗa wa shugaba a wurin aiki, ko malami, ko wanda ya girme ka, sai idan akwai wasa tsakaninku. Idan kai aka faɗa wa, murmushi da gajeriyar amsa sun isa, ba zargi ba ne da ke buƙatar kare kai. Asalin maganar ba shi da wata alaƙa da launin fata, amma a taron da ya haɗa mutanen da Turancinsu bai yi zurfi ba, wani yana iya fahimtar ta a karkace, kuma a irin wannan wuri faɗin abin a sarari ya fi aminci.

Mataki na shida: karanta shi da lura idan ka gan shi a jarida

Wanda ya rubuta cewa wane "dark horse" ne hasashe yake yi, ba labari yake bayarwa ba, don haka ka nemi hujjar da ya kafa. Kafin gasar ƙasashen Turai ta Euro 2020, wadda annobar korona ta sa aka buga a 2021, masu sharhi da yawa sun ba Turkiyya wannan suna. Ta sha kashi a wasanninta uku na rukuni, a hannun Italiya da Wales da Suwizalan, ƙwallo ɗaya tak ta ci. Akwai ma abin dariya a lamarin, domin idan kowa ya yarda cewa ƙungiya kaza ce ba a lura da ita ba, to ai an riga an lura da ita. Maroko kuwa, wadda mutane ƙalilan ne suka ambata kafin gasar duniya ta 2022 a Qatar, ita ce ta doke Beljiyam, ta fitar da Sifaniya da Portugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

A siyasa kuma ka duba ko akwai wani babba a bayan mutumin. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ba ya cikin sunayen da aka fi yayatawa a faɗin ƙasa a farkon neman takarar shugabancin Najeriya ta 2007, kuma a wannan zangon sunan ya dace da shi. Da goyon bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya fito fili, kafin taron jam'iyyar PDP a Abuja a watan Disamba na 2006, ya tashi daga wannan matsayi ya koma wanda ake sa ran zai ci. Haka kuma ka sani cewa magoya bayan ɗan takara mai rauni suna son wannan suna, domin yana mayar da rashin farin jini ya zama kamar wata dabara.

Mataki na bakwai: mayar da shi Hausa

Mai fassara labarai ko mai sharhi a gidan rediyo ba zai ce baƙin doki ba, ba zai kuma ce doki mai duhu ba, domin mai sauraro ba zai ɗauki komai daga ciki ba. A labarin siyasa ko wasanni, bayani kai tsaye ya fi, a ce ɗan takarar da ba a sa shi a lissafi ba amma yana iya ba da mamaki, ko ƙungiyar da za ta iya yi wa manya bazata. Idan kanun labari ne inda wuri ya yi ƙaranci, "ɗan takarar bazata" yana biyan buƙata.

Idan ana son karin magana, sai a zaɓa da hankali. "Raina kama ka ga gayya" ya fi kusa, tunda ya haɗa ƙarancin kima a idon mutane da ƙarfin da ke ɓoye. "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" ya fi karkata ga "underdog", saboda ƙanƙanta da raini ne ginshiƙinsa, ga shi kuma yana ɗauke da gargaɗi ga babban, abin da Turancin bai ƙunsa ba. "Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi" ya kama ɓangaren shiru da ɓoyo, amma yana nuna mutum mai cutarwa a ɓoye, don haka idan ka fassara zolayar abokin aiki da shi ka mayar da yabo zagi. Ga wannan ma'ana ta biyu, abin da Bahaushe zai faɗa a irin wannan hali ya wadatar: "Ashe haka kake ba mu sani ba!" ko kuma "Kai, wane akwai zurfin ciki." Idan kuwa daga Hausa kake komawa Turanci, ka tuna cewa ba kowace bazata ce ke karɓar wannan suna ba. Ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya tak a kan babbar abokiyar karawarta ta yi abin da ake kira "upset", kuma ba za a kira ta "dark horse" ba sai idan ana ganin tana iya tafiya har ta ɗauki kofin.